Na yi tambaya a zauren masu Python, aka ce in nemi wata sana'a

Sabon_Shiga_Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi min haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai tun daren jiya. Wata biyu ke nan da na fara koyon Python, harshen nan na rubuta manhajar kwamfuta. Ba ni da laftof, na yayana nake ara idan ya taso daga shago a Terminus nan Jos, daga bayan isha'i har cajin ya ƙare. Shekaranjiya na zauna haɗa ɗan wasan nan na cankar lamba, kwamfuta ta zaɓi lamba tsakanin 1 da 100, kai kuma ka yi ta canka. Layi goma sha biyu ne duka-duka. Na kunna, ya ƙi. Na goge na sake rubutawa, ya ƙi. Na kwafi na mai bidiyon harafi da harafi, nasa na tafiya, nawa sai watso min jan rubutu na saƙon kuskure yake yi.

Da na gaji sai na shiga wani babban zaure na masu rubuta manhaja, na Turanci, na ɗauki hoton allon da wayata na tura, na roƙi a taimaka min. Ba a yi minti goma ba mutum uku suka amsa. Na farko ya ce in tambayi Google. Na biyu ya ce ba a turo hoton waya a wurin, wai ma kamar da dankali na ɗauki hoton. Na uku ya ce wanda bai iya karanta saƙon kuskure ba gara ya nemi wata sana'a. Daga nan aka rufe tambayar. Ko mutum ɗaya bai ce min ga inda matsalar take ba.

To ni abin da nake so in sani, haka ake yi ko'ina? Su daga cikin uwarsu suka faɗo da Python a hannu?

Maman_Iman:
Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanina, kar ka sa wa ranka damuwa. Turo mana hoton a nan mu gani, mu ba ma ƙyamar dankali.

Bukuru_Express:
Hahaha wallahi da ya san ɗan Jos yake gaya wa haka da bai fara ba. Dankali ai arzikinmu ne, Bokkos da Mangu ke ciyar da rabin ƙasar nan da shi.

Injiniya_Rikkos:
Bari in faɗi abin da ba za a so ji ba. Na ukun nan bai kyauta ba, rashin tarbiyya ne, ba na kare shi. Amma na farko da na biyu gaskiya suka gaya maka, salon faɗar ne kawai babu daɗi. Shekara tara ina wannan aiki, kuma na amsa tambayoyi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Idan ka turo min hoto, ba zan iya kwafar kod ɗinka in gwada a tawa kwamfutar ba. Dole in zauna in sake buga shi da hannuna ina zuƙo hoton ina tantance ko wannan waƙafi ne ko ɗigo ne ko ƙurar hunturu ce a kan allo. Kai da ke neman taimako ba ka ɓata minti biyu ka kwafo rubutun ba, ni kuma da ba biyana ake yi ba kana so in ɓata minti ashirin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sabon_Shiga_Gangare:
@Injiniya_Rikkos na ji Oga, na gode. Amma laftof ɗin babu intanet a kai, a waya kawai nake da data. Ban ma san ana iya kwafar jan rubutun ba, na ɗauka sai dai a kalle shi.

Hajjo_Rayfield:
Kun gani ko? Wannan amsar tasa ita ce maganar gaba ɗaya. Ana hukunta yaro a kan dokar da ba wanda ya taɓa karanta masa. Kuma mu daina cewa "ka tambayi Google" kamar abu ne mai sauƙi. Kafin ka tambayi Google sai ka san sunan abin da ke damunka, sanin sunan kuwa shi ne rabin ilimin. Mai ciwo da ya san sunan ciwonsa ai ya kusa zama likita.

Dan_Dilimi:
Ni kam dariya kuke ba ni. Kafin in taɓa kwamfuta shekara huɗu na yi a gareji. Ranar da na fara, Ogana ya ce miƙo min sifana goma sha uku, na miƙa masa goma sha bakwai, sai da ya jefe ni da ita. Wata shida ina wankin fas da fetur ba a bar ni na kwance ko da filogi ba. Yau ga shi Alhamdulillah. Ku 'yan zamani an ce muku "tambayi Google" har kun kasa barci. Koyo dama da zafi yake zuwa.

Hajjo_Rayfield:
@Dan_Dilimi Oganka ya jefe ka da sifana, amma da rana ya saya maka abinci, da ka yi rashin lafiya ya zo gidanku, kuma bayan jifan ya nuna maka wacce ce goma sha ukun. Wancan mutumin da ya zagi yaron nan me ya nuna masa? Jifan kawai ya yi ya wuce, gobe ko sunansa ba zai tuna ba.

Dan_Dilimi:
To Hajiya, a nan kin kama ni. Ogana dai Allah Ya jiƙansa, shi ya yi min waliyyi ranar ɗaurin aurena.

Sadiq_Kubwa:
Gaisuwa daga Abuja. Ina so in ɗan ba da tarihi, don matsalar ba ta yau ba ce, kuma manyan wuraren ma sun san da ita. Ku ɗauki Stack Overflow, babban shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008. Tun asali ba don hira aka gina shi ba, rumbun ajiya suke so, kowace tambaya a yi ta sau ɗaya a ba ta amsa mai kyau, duk wanda ya zo daga baya ya tarar. Shi ya sa idan ka maimaita abin da aka taɓa tambaya sai a rufe taka a nuna maka tsohuwar. A idonsu gyaran rumbu suke yi, a idon sabon shiga an rufe masa ƙofa a fuska.

Ga kuma tsarin maki. Lokacin da nake yawan shiga, sai kana da maki 50 za ka iya yin tsokaci a ƙarƙashin rubutun wani, sai 125 za ka iya danna kibiyar ƙasa mai nuna rubutu bai yi ba, sai 3,000 za ka shiga cikin masu ƙuri'ar rufe tambaya. Sabon shiga da maki 1 yake farawa. Idan tambayoyinsa suka yi ta shan kibiyar ƙasa, na'ura ce da kanta za ta hana shi sake tambaya, ba ma mutum ba.

A watan Afrilun 2018 kamfanin da kansa ya fito ya amsa cewa wurin ba ya karɓar baƙi hannu bibbiyu, musamman sababbin koyo da mata. A shekarar suka fito da sababbin ƙa'idojin ɗa'a, suka kuma sa wata 'yar alama kusa da sunan sabon shiga don a lallaɓa shi. Ke nan ba ƙorafin ragwaye ba ne, masu gidan ma sun yarda rufin na yoyo.

Malam_Tanko_Ali_Kazaure:
Madalla da wannan bayani Sadiq. Ni malamin sakandare ne, lissafi nake koyarwa, da girmana na fara koyon wannan abu saboda yara sun fara yi min tambayoyin da ba ni da amsarsu. Abin da na lura da shi, masani yana saurin mance yadda rashin sani yake. Shekara ashirin da biyu ina bayanin abu ɗaya a aji, kowace shekara sababbin fuskoki, tambaya iri ɗaya. Da zan ce wa ɗalibi "an taɓa yin wannan tambayar a 2009, je ka nemi wanda ya yi ta," ai da an daɗe da sallamata. Mu da muka tashi a zaure mun san Malam zai biya maka layi ɗaya sau bakwai bai ɗaga murya ba. Amma in yi adalci, a zauren ma akwai ladabin ɗalibi. Ba ka zuwa gaban Malam ba ka yi bitar na jiya ba.

Injiniya_Rikkos:
Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Sai dai Malam albashi ake ba ka, komai ƙanƙantarsa, kuma ajinka na da iyaka. Mai amsa tambaya a intanet ajinsa duniya ce, bayan ya tashi daga aikinsa yake yi, kyauta. Ba ina cewa ya zagi kowa ba. Ina cewa ne a gane dalilin gajiyarsa.

Maman_Iman:
Wanda ya gaji ai sai ya wuce abinsa Injiniya, ba dole. Abin da ban gane ba shi ne mutumin da ba shi da lokacin taimako amma yana da lokacin wulaƙanci. Harafin da ya ɓata wajen cewa "nemi wata sana'a" sun ishe shi ya rubuta "kwafo mana rubutun."

Ummi_Farin_Gada:
Ni tuni na daina tambaya da sunana a irin wuraren nan. Ina ajin ƙarshe a jami'a, da na yi wata tambaya a kan rumbun bayanai a wani zaure, amsa ɗaya na samu a fili, amma saƙon sirri bakwai suka shigo. Ɗaya wai zai koya min komai in na ba shi lambata, wani wai a wace unguwa nake. Da na buɗe sabon asusu da sunan namiji na maimaita tambayar bayan sati ɗaya, sai aka ba ni amsa ba wani zance. Kuma 'yan ƙasar nan ne, ba Turawa ba. Don haka masu cewa matsalar ta waje ce su sake tunani.

Admin_Kabiru:
Ummi Allah Ya ba ki haƙuri. Duk wanda ya yi wa wata haka a nan a turo min hoton saƙon, ba sai an yi gargaɗi ba, waje zai yi.

Tunda an taɓo gida, bari in faɗi namu laifin. Tun da aka fara shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koyar da fasahar kwamfuta, a ƙarshen 2023 sababbin koyo suka ƙaru sosai a nan, abin farin ciki ne. Amma ga abin da nake gani kullum. Mutum zai shigo ya ce "Salam, akwai wanda ya iya JavaScript?" sai ya yi shiru. Awa uku yana jira wani ya ce "ga ni." Bawan Allah, faɗi matsalarka mana! Wani kuma zai ce "manhajata ba ta aiki, a taimaka," shi ke nan. Wace manhaja? Me ka yi tsammanin za ta yi, me ta yi maimakon haka? Mu ba bokaye ba ne. Sai 'yan uwanmu masu turo takardar aikin makaranta ɗungurungum da ƙarfe sha ɗaya na dare su ce gobe da safe za a karɓa. Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne wanda za a yi ta fama da shi awa biyu, sai ya ce "na gyara" ya ɓace, bai faɗi yadda ya gyara ba. Wata uku wani zai zo da matsalar iri ɗaya mu koma farko.

Bukuru_Express:
Admin yau an taɓo inda ke masa ƙaiƙayi.

Nanle_Dadin_Kowa:
Ni dai ban ga abin jayayya ba. Ƙanina, ka buɗe ChatGPT ka manna matsalarka. Ba ya gajiya, ba ya zagi, ka tambaye shi sau ɗari da tsakar dare zai amsa maka. Ni rabon da in yi tambaya a wani zaure har na manta.

Sadiq_Kubwa:
@Nanle ba ke kaɗai ba ce. Tun da ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 tambayoyin da ake yi a Stack Overflow suka yi ta raguwa. Amma ki tuna a watan Disamban 2022 masu kula da wurin suka hana manna amsoshinsa, saboda amsar za ta zo a tsare gwanin sha'awa alhali ba daidai take ba. Ke da kin ƙware za ki gane idan ya shara miki ƙarya. Mai wata biyu fa? Kuma ilimin da yake amsawa da shi, daga rubutun mutane ya samo, har da na waɗancan masu zafin ran.

Nanle_Dadin_Kowa:
To in zaɓi tsakanin wanda zai yi kuskure cikin ladabi da wanda zai zage ni bai ba ni amsa ba, ai ka san wanda zan ɗauka.

Injiniya_Rikkos:
Makon jiya wani yaro da nake duba wa aiki ya kawo min fayil mai layi ɗari uku, yana aiki tsaf. Na sa yatsa a layi na arba'in na ce me wannan ke yi, sai ya hau kallon silin. Wannan ne tsorona, ba wai na'urar ba.

Malam_Tanko_Ali_Kazaure:
Akwai kuma maganar harshe da ba a taɓo ba. Yaron nan fama biyu yake yi a lokaci ɗaya, da Python da Turanci. Da yawa cikin yaranmu sun gane matsalarsu sarai, amma su tsara ta da Turancin da ba za a yi musu dariya ba shi ne aikin. Sai su taƙaita su ce "a taimaka," a ɗauka lalaci ne, alhali kunya ce.

Sadiq_Kubwa:
Haka ne Malam. Stack Overflow ma sai da ya buɗe na harshen Fotugal da Rasha da Sifaniya da Japan. Mu kam sai dai mu gina namu, ba wanda zai zo ya gina mana.

Bukuru_Express:
To a fara da fassara mana sunayen abubuwan. Ni har yau ban san me zan kira madaukin nan mai maimaita umarni ba. Zagaye? Kewaye? Dawafi?

Maman_Iman:
Kai Bukuru Allah Ya shirye ka. Jama'a an yi ta tarihi da falsafa, har yanzu wasan yaron nan bai tashi ba. @Sabon_Shiga ina hoton?

Sabon_Shiga_Gangare:
Yi haƙuri Anti, an ɗauke wuta ne wayar ta mutu, sai da na kai caji wajen mai shagon bakin layinmu. Ga shi na tura. Layin ƙarshe na jan rubutun yana cewa wai random ba shi da wani abu mai suna randint. Alhali mai bidiyon shi ya yi amfani da shi.

Hajjo_Rayfield:
Innalillahi. Ƙanina, dubi can saman hoton, ta hagu. Da wane suna ka ajiye fayil ɗinka?

Sabon_Shiga_Gangare:
random.py na sa masa, tunda wasan zaɓen lamba ne.

Hajjo_Rayfield:
To ga ɓarawon nan. Kod ɗinka lafiyarsa ƙalau, ko harafi ɗaya ba ka kuskure ba. Python na da nasa kayan aikin mai wannan sunan. Idan ka ce a shigo da random, yana fara dubawa ne a foldar da fayil ɗinka yake, sai ya ci karo da naka ya ɗauka shi ne, ya buɗe ya nemi randint bai gani ba. Kamar a aike ka gidan su Musa mai gyaran rediyo ne, ka shiga gidan farko da ka ji ana kiran Musa. Sauya masa suna zuwa canka.py, ka tabbata tsohon bai rage a foldar ba, ka sake kunnawa.

Kuma a lura, sunan yana nan ɓaro-ɓaro a hoton dankalin. Mutum uku suka kalle shi ba wanda ya duba.

Injiniya_Rikkos:
Na sara miki Hajiya, ni ma ban kai idona wurin ba. Kuma in faɗi gaskiya, wannan tarkon ya taɓa kama ni, nawa email.py na sa masa, wuni guda na yi ina zargin kwamfutar. Amma ban janye maganata duka ba. Da ya kwafo jan rubutun, sunan fayil ɗin na ciki. Da kuma ya manna layin ƙarshen nan a Google yadda yake, amsar na shafin farko, dubban mutane sun faɗa ramin kafin shi.

Sabon_Shiga_Gangare:
Wallahi Oga ban san ana yin haka ba. Ni na ɗauka Google sai ka tsara masa tambaya da cikakken Turanci. Abin da na rubuta masa shi ne me ya sa wasana ba ya aiki.

Malam_Tanko_Ali_Kazaure:
Injiniya ka ji ko? Jimla ɗaya ce ta raba shi da amsar, kuma kai ka faɗe ta yanzu cikin daƙiƙa biyar.

Sadiq_Kubwa:
Abin sha'awa, masu gina Python ɗin ma sun ga yawan masu faɗawa wannan ramin. Daga zubin Python na 3.13 da ya fito a Oktoban 2024, saƙon kuskuren da kansa yake ba ka shawarar ka sauya wa fayil ɗinka suna. Ina jin na yayanka tsohon zubi ne. Kuma @Dan_Dilimi, kai mai cewa koyo sai da zafi, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da wayoyi, ai ya fi Oganka zafin baki, duniya ta shaida. A Satumban 2018 da kansa ya ba da haƙuri, ya ɗauki hutu don ya gyara halinsa.

Dan_Dilimi:
Bayan shekara nawa yana yi? Tun 1991 fa ya fara Linux. Kuma a cikin zafin aka gina abin da wayarka ke tafiya a kai.

Ummi_Farin_Gada:
Waɗanda suka jure kawai kake ƙirgawa Yaya. Mu huɗu muka fara koyo tare a ɗakinmu, ni kaɗai na rage, kuma ba ni ce na fi su kai ba.

Sabon_Shiga_Gangare:
YA YI!!! Alhamdulillah. Yayana ya dawo na sauya sunan, ya tashi nan take. Kwamfutar ta zaɓi 63, sai a canka ta takwas na samu. Anti Hajjo, Anti Maman Iman, Allah Ya saka da alheri, Ya raya zuri'a. Oga Injiniya na gode, na koyi kwafar rubutun, yayana ya nuna min yadda zan haɗa laftof ɗin da datar wayata.

Admin_Kabiru:
Ka ga ɗan halak, ya dawo ya faɗi yadda aka yi. Ina tunanin in rubuta ɗan gajeren bayani da Hausa a kan yadda ake tsara tambaya in maƙala shi a sama. Wa zai taya ni?

Injiniya_Rikkos:
Zan taya ka, amma na rantse ba za su karanta ba.

Hajjo_Rayfield:
In Injiniya ne zai rubuta a kawo min in tace kafin a maƙala.

Sabon_Shiga_Gangare:
Don Allah wata kuma. Idan mai wasan ya rubuta harafi maimakon lamba sai komai ya tsaya. Ga kod ɗin da jan rubutun na kwafo su a ƙasa, na kuma manna layin ƙarshen a Google na ga ana maganar try da except, amma ban gane a wane layi zan sa su ba.

Injiniya_Rikkos:
Yauwa. Dubi layinka na bakwai, inda kake mayar da abin da ya rubuta lamba. Kafin in faɗa maka, kai me kake jin ke faruwa a wurin idan ya buga "biyar" da haruffa?